Tarihin Tattaunawa Tsakanin Malaman Jami'o'in Nijeriya da Gwamnati, 1973 zuwa 2026

Gabatarwa

A Hausa, kalmar "yaji" ta girmi aikin albashi. Asalinta a zaman aure take. Mace ce ke yin yaji, wato ta bar ɗakinta ta tafi gidan iyayenta saboda wani haƙƙi nata da miji ya tauye. Mai yaji ba saki take nema ba. So take a zo biko, a zauna gaban manya, a faɗi laifin kowa, a ɗauki alkawari, sannan ta koma ɗakinta. Da aikin gwamnati da na kamfani suka shigo ƙasar Hausa sai aka ari kalmar aka ce "yajin aiki". Idan na 'yan kwanaki ne, a ce yajin aikin gargaɗi. Idan kuwa ba a yanka masa rana ba, a ce na sai-baba-ta-gani.

A Nijeriya babu ƙungiyar ƙwadagon da sunanta ya haɗu da wannan kalma kamar ƙungiyar malaman jami'o'i, wadda aka fi sani da ASUU. Ɗalibai da iyayensu sun fi riƙe yawan watannin da aka yi jami'o'i suna rufe. Amma kowane yaji yana ƙarewa ne da zama da kuma takardar da aka sa wa hannu. Wannan takarda ta bi tarihin waɗancan zama da takardun da suka haifar, domin a ga abin da ya tabbata daga cikinsu da abin da ya tsaya a rubuce kawai.

Kafin a kafa ƙungiyar

Jami'ar farko a Nijeriya ita ce ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan. A 1960 aka buɗe ta Nsukka, a 1962 kuma aka sami ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Ife da ta Legas. A wancan lokaci malamin jami'a mutum ne mai gata. Ana ba shi gida a cikin harabar jami'a, ana ba shi rancen mota, kuma farfesa yana cikin 'yan ƙalilan da suka fi kowa albashi a ƙasar. Ƙungiyar da malaman suka kafa a 1965 ta fi kama da zauren manyan ma'aikata, ba ta da zafin ƙungiyoyin leburori na jirgin ƙasa ko na ma'adinai.

A 1973 ne wannan ƙungiya ta gwada ƙarfinta, ta shiga yajin aiki a kan albashi. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ba ta tsaya doguwar magana ba. Ta ce duk malamin da bai koma aji ba ya kwashe kayansa ya fita daga gidan jami'a. Cikin 'yan kwanaki yajin ya watse. Gatan da malamai ke taƙama da shi, wato gidan da ba nasu ba, shi ne ya zama igiyar da aka ɗaure su da ita. Shekara ɗaya bayan haka, a 1974, rahoton kwamitin Udoji ya jefa ma'aikatan jami'a cikin tsarin albashi ɗaya da sauran ma'aikatan gwamnati. A 1975 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in da ke hannun jihohi, ta kuma buɗe wasu sababbi a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori da Kalaba. Tun daga nan uwar ɗakin malaman jami'a ta zama ɗaya, kuma duk wata magana ta kuɗi sai an je Legas, daga baya kuma Abuja.

An kafa ASUU a 1978, shekarar da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta sake tsara ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar baki ɗaya. A watan Afrilun wannan shekara ne ɗalibai suka yi bore saboda ƙarin kuɗin abinci da na ɗakin kwana, suna neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya. Gwamnati ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ta sauke shugabannin jami'o'in Legas da Zariya, ta kuma kori wasu malamai da ta zarga da zuga yara. Saboda haka sabuwar ƙungiyar ta tashi da damuwa biyu: abin da malami zai ci, da kuma wanda ke da ikon korar sa. Har yau waɗannan biyun ne ƙashin bayan duk wata buƙata da take gabatarwa.

A zamanin Shugaba Shehu Shagari ƙungiyar ta sami nasararta ta farko. Bayan yajin aiki, kwamitin Cookey na 1981 ya ba da shawarar a ware wa jami'o'i tsarin albashi nasu, aka kuma yi haka. Shugabanninta na waɗannan shekaru, Biodun Jeyifo na Ife da Mahmud Modibbo Tukur, masanin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, mutane ne masu ra'ayin gurguzu. Su ne suka kusantar da ita ga uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, suka kuma saba mata da tsoma baki a harkar tattalin arziki, al'adar da gwamnatocin soja ba su taɓa yafe mata ba.

Yarjejeniyar 1992

Abin da ya karya malamin jami'a shi ne faɗuwar naira. A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dalar Amurka ɗaya daraja. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, kuma zuwa 1992 sai an ba da kimanin naira 17 kafin a sami dala ɗaya. Jami'a kuwa wuri ne da ke rayuwa da kayan waje: littattafai da mujallun ilimi da sinadaran ɗakin gwaje-gwaje da kayan gyaran na'urori. Laburare suka daina sayen sababbin mujallu. Malamai da yawa suka tsallaka zuwa Amurka da Ingila da Saudiyya da kudancin Afirka. Waɗanda suka zauna, wasu suka koma kiwon kaji a bayan gida, wasu suka mayar da motocinsu na haya da yamma. A wannan zamani ne wata magana ta ƙungiyar ta yi tashe a jikin motoci, mai cewa albashin da malami zai kai gida ba ya isa ya kai shi gida.

A 1988 ƙungiyar ta tafi yajin aiki. Gwamnati ta haramta ta, ta raba ta da uwar ƙungiyar ƙwadago, ta tsare wasu shugabanninta. Kafin nan an riga an kori shugabanta Festus Iyayi daga Jami'ar Benin a 1987, sai ragama ta faɗa hannun wani matashin malamin kimiyyar siyasa na Jami'ar Bayero ta Kano, Attahiru Jega. An ɗage haramcin a 1990. A watan Mayun 1992 aka sake komawa yaji, gwamnati ta sake haramta ƙungiyar, amma a wannan karo malamai suka ƙi komawa aji. Daga ƙarshe gwamnati ta zauna da shugabannin ƙungiyar da ita da kanta ta ce babu ita, aka yi ciniki, aka sa hannu ranar 3 ga Satumba, 1992.

Wannan takarda ita ce uwar duk waɗanda suka biyo baya. An kasa ta gida uku: kuɗin gudanar da jami'o'i, 'yancin jami'a na tafiyar da harkokinta, da albashi da sauran haƙƙoƙin malamai. An ware wa malamai tsarin albashi dabam da na sauran ma'aikatan jami'a, aka kuma amince a riƙa sake duba yarjejeniyar duk bayan shekara uku.

Akwai wani sashe nata da ya cancanci a tsaya a kansa. A wurin zaman, wakilan gwamnati sun yi ta cewa babu kuɗi. Maimakon a tsaya ana ja-in-ja a kan akwai ko babu, wakilan malamai suka kawo shawarar inda za a samo su: a ɗora wa kamfanoni harajin ilimi a kan ribar da suke ci. Gwamnati ta karɓa, kuma a 1993 ta fitar da Dokar Soja mai lamba 7, wadda ta wajabta wa kamfanonin da ke da rajista a Nijeriya biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu a wani asusu na musamman. Asusun bai fara aiki sosai ba sai a ƙarshen shekarun 1990, kuma da farko ana raba kuɗinsa har da makarantun firamare da sakandare. A 2011 aka sake masa doka, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati kawai, aka sa masa suna TETFund. Jami'o'i na ɗaukar rabi, kwalejojin fasaha da na horon malamai su raba sauran rabin. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a ta 2023, kafin sabuwar dokar haraji ta 2025 ta narkar da shi cikin wani harajin raya ƙasa na bai ɗaya. Duk wanda ya shiga jami'ar gwamnati a Nijeriya, ta tarayya ko ta jiha, zai ga sunan wannan asusu a jikin ɗakunan lacca da laburare da motocin ɗalibai. Malamai masu yawa da suka yi digirin digirgir a Malesiya da Ingila da kuɗinsa suka yi. A wasu jami'o'in jihohi, in aka cire gine-ginen asusun, abin da zai rage kaɗan ne.

Dalilin da ya sa wannan sashe ya rayu a fili yake. An mayar da shi doka, yana da hanyar samun kuɗi tasa, yana da hukumar da ke karɓa da wadda ke rabawa, ba ya jiran alherin ministan kuɗi a kowace shekara. Sauran sassan ba su sami wannan gata ba. Tun a 1993 sakataren ilimi na gwamnatin tarayya, Farfesa Ben Nwabueze, wanda shahararren masanin shari'a ne, ya bayyana cewa yarjejeniyar ba irin wadda za a iya tilasta wa gwamnati cikawa ba ce. Malamai sun ji zafin maganar ƙwarai, amma tana da tushe a shari'ar da Nijeriya ta gada daga Ingila, inda ake ɗaukar yarjejeniyar ƙungiya da mai ba da aiki a matsayin alkawarin mutunci, sai fa in an shigar da ita cikin takardar ɗaukar aikin kowane ma'aikaci ko an yi mata doka. Kusan duk rikicin shekaru talatin da suka biyo baya daga wannan rami ya fito.

Yarjejeniyar ta kuma haifar da wata ɓaraka a cikin gida. Jami'a ba malamai kaɗai ke aiki a cikinta ba. Akwai magatakarda da akawu da ma'aikatan asibiti da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje da direbobi da masu gadi, kuma suna da ƙungiyoyinsu, waɗanda a yau ake kira SSANU da NASU da NAAT. Da suka ga an fifita malamai a albashi, su ma suka tafi nasu yajin suna neman a daidaita. Idan malamai suka yi yaji, aji ne ke rufe. Idan waɗannan suka yi, ruwa da wuta da asibiti da ƙofar ofis ne ke rufewa. Tun daga lokacin, duk abin da gwamnati ta ba ɓangare ɗaya sai ɗayan ya taso, kuma gwamnatoci sun iya amfani da wannan saɓani.

Zamanin Abacha da malaman Ilori

Lokacin sake duba yarjejeniyar ya zo a 1995, a zamanin Janar Sani Abacha. A 1996 malamai suka yi yajin kimanin wata shida. An fara zama, sai gwamnati ta tashi daga teburin, ta dakatar da albashi, ta haramta ƙungiyar a matakin ƙasa karo na uku, ta ce kowace jami'a ta yi ciniki da hukumar gudanarwarta. An kori shugaban ƙungiyar, Assisi Asobie, daga Nsukka. A waɗannan shekaru ne aka naɗa wa Jami'ar Ahmadu Bello soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, a matsayin kantoma. Yajin ya ƙare ba tare da an sami komai ba. Sai bayan rasuwar Abacha a 1998 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta mayar da waɗanda aka kora, ta kuma yi ƙarin albashi.

An yi zaton mulkin farar hula zai sauƙaƙa al'amarin, amma ba haka ta kasance ba. A 2001, bayan yajin wata uku, an sa hannu a wata sabuwar yarjejeniya ranar 30 ga Yuni. A cikinta akwai sharaɗin da ake sakawa a ƙarshen kowane yaji, cewa ba za a hukunta kowa don ya shiga yajin ba. Amma a wannan shekara Jami'ar Ilori ta kori malamai 49, cikinsu har da shugabannin reshen ƙungiyar. ASUU ta ce an karya sharaɗin. Gwamnatin Obasanjo ta ce magana ce tsakanin jami'a da ma'aikatanta. Wannan batu ya shiga cikin dalilan yajin wata shida na 2003 da na wata uku a 2007, kuma duk ba su dawo da ko mutum ɗaya ba. Kotun Ƙoli ce ta yi hakan a 2009, ta ba da umarnin a mayar da su bakin aiki a biya su duk albashinsu na baya. Wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin hukuncin.

Labarin Ilori yana da wata fuska da ƙungiyar ba ta cika son a ambata ba. Bayan korar, jami'ar ta shafe kusan shekara ashirin ba ta shiga yajin aikin ƙasa, sai a 2020 ta koma sahu. A cikin waɗannan shekaru ta zama jami'ar da masu neman gurbin karatu suka fi zaɓa a duk faɗin ƙasar. Iyaye sun nuna abin da suke so: ɗa ya shiga a san ranar fitarsa.

Yarjejeniyar 2009

A ƙarshen 2006 gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Gamaliel Onosode domin sake ciniki. An shekara biyu ana zama. Da aka gama, sai gwamnatin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta yi ta jan ƙafa wajen sa hannu, tana cewa hukumomin gudanarwar jami'o'i ne iyayen gidan malamai, kuma tarayya ba za ta ɗaure jihohi da albashin da ba su yi ciniki a kansa ba. Wannan hujja ta biyu tana da ƙarfi, domin jami'o'in jihohi suna cikin ƙungiyar alhali gwamnoninsu ba sa wurin zaman. Sai da aka yi yajin wata huɗu, gwamnan Edo na lokacin, Adams Oshiomhole, wanda tsohon shugaban ƙwadago ne, ya shiga tsakani, sannan aka sa hannu a watan Oktoban 2009.

An yi alkawarin abubuwa da dama. Akwai sabon tsarin albashi. Akwai alawus na ƙarin aiki, kamar duba kundin ɗaliban digiri na biyu da na uku da koyar da ajin da ya wuce ƙima. Akwai ɗaga shekarun ritayar farfesa daga 65 zuwa 70, da kafa kamfanin fansho na ma'aikatan jami'a, da zuba kimanin naira tiriliyan 1.5 a jami'o'in tarayya cikin shekara uku. An kuma maimaita sharaɗin sake dubawa bayan shekara uku, wato a 2012.

An fara biyan sabon albashin. Maganar ritaya ta tabbata a 2012, bayan wani yajin na wata biyu, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da Majalisar Tarayya ta zartar, kuma tun daga ranar ba a sake jayayya a kanta ba. Kamfanin fansho ya sami lasisi bayan kusan shekara goma. Alawus ɗin ƙarin aiki ya zama bashi mai taruwa, ana biyan wani abu daga ciki duk lokacin da aka yi yaji. Kuɗin gyaran jami'o'i kuwa, an yi ta jin gafara sa ba a ga ƙaho ba.

A 2012 gwamnati ta tura kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, shugaban TETFund na lokacin, ya zagaya jami'o'in gwamnati ya ga halin da suke ciki. Rahoton ya gaskata malamai. An tarar da ɗakunan gwaje-gwaje da ake kunna risho a maimakon murhun gas na kimiyya, da ɗalibai masu sauraron lacca ta taga, da ɗakunan kwana da aka cusa wa mutane ninkin abin da aka gina su dominsa, da gine-gine da yawa da aka yi watsi da su. Malaman da ke da digirin digirgir ba su kai rabi ba. Ya kamata a lura cewa a daidai wannan lokaci gwamnatin ta buɗe sababbin jami'o'in tarayya 12, tara a 2011 da uku a 2013, a garuruwa irin su Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Jihohin da suka samu sun yi murna, kuma suna da hujja, amma tukunyar ba ta ƙaru ba, masu ci ne suka ƙaru.

Da wannan rahoto a hannu, ƙungiyar ƙarƙashin Nasir Fagge Isa na Jami'ar Bayero ta shiga yaji ranar 1 ga Yuli, 2013. A farkon Nuwamba Shugaba Jonathan da kansa ya zauna da shugabanninta na kimanin awa 13. Ranar 12 ga wannan wata Festus Iyayi, tsohon shugaban da aka kora a 1987, ya rasu a hatsarin mota kusa da Lakwaja, a kan hanyarsa ta zuwa Kano wurin taron da zai duba tayin gwamnati. An janye yajin ranar 17 ga Disamba, bisa alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida: biliyan 200 a shekarar farko, sannan biliyan 220 a kowace shekara har biyar. An saki biliyan 200 na farko. A tsakiyar 2014 farashin man fetur ya fara faɗuwa a kasuwar duniya, a 2015 gwamnati ta sauya, kuma abin da ya biyo baya ɗan tsakure ne, biliyan 20 yau, biliyan 30 bayan wasu shekaru.

Kwamiti bayan kwamiti

Sake duba yarjejeniyar da ya kamata a yi a 2012 bai fara ba sai 2017, ƙarƙashin Wale Babalakin. Zaman ya cije a kan batun ko ɗalibai za su riƙa biyan kuɗin karatu, abin da ƙungiyar ta daɗe tana adawa da shi. An yi yaji a 2017, an kuma yi na wata uku daga Nuwamban 2018 zuwa Fabrairun 2019. Sai wata sabuwar rigima ta kunno kai. Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ce dole kowane ma'aikacin tarayya ya shiga tsarin biyan albashi na kwamfuta mai suna IPPIS, wanda ofishin babban akanta na ƙasa ke gudanarwa, domin a kawar da ma'aikatan bogi. Malamai suka ce tsarin bai san malamin da ya je wata jami'a koyarwar wucin gadi ko hutun bincike ba, kuma ya saɓa wa dokar 2003 da ta ba hukumar gudanarwar kowace jami'a ikon ɗaukar ma'aikata da biyan su. Suka ƙirƙiro nasu tsarin mai suna UTAS, gwamnati ta gwada shi ba ta karɓa ba. Yajin 2020 ya ɗauki wata tara, daga Maris zuwa 23 ga Disamba, ko da yake annobar korona ta rufe makarantu a wani ɓangare na lokacin.

Kwamitin Farfesa Munzali Jibril ya kammala daftari a 2021, ba a sa hannu ba. Na Farfesa Nimi Briggs ya kammala nasa a 2022, shi ma aka ajiye. A nan wata matsala ta tsarin cinikin ta fito fili. Mutanen da gwamnati ke turawa teburin yawanci shugabannin hukumomin gudanarwar jami'o'i ne, dattawa masu mutunci, amma ba su ne ke riƙe da lalitar ƙasa ba. Sai an gama ciniki, ma'aikatar kuɗi da hukumar tsara albashi su ce ba da su aka yi ba. A 2022 gwamnati ta yi tayin ƙarin kashi 35 cikin 100 ga farfesoshi da 23.5 ga sauran. Ƙungiyar ta ƙi, ta ce wannan kyauta ce aka yanka daga sama, ita kuwa ciniki take nema irin wanda yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya mai lamba 98 ta tanada, wadda Nijeriya ta amince da ita tun 1960. A lokacin, farfesan da ya kai ƙarshen matakinsa yana karɓar kimanin naira 416,000 a wata, kusan abin da aka yanka masa a 2009 lokacin da dala take wajen naira 150.

Yajin 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare ranar 14 ga Oktoba. Bai ƙare a teburi ba. Ministan ƙwadago Chris Ngige ya kai ƙara kotun ma'aikata, kotun ta umarci malamai su koma aji ranar 21 ga Satumba, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce sai sun bi umarnin kafin a saurare su. A cikin wannan Oktoba gwamnati ta yi wa wasu ƙungiyoyi biyu na malaman jami'a rajista, CONUA da ta malaman likitanci, domin ASUU ta daina zama murya ɗaya tilo. Ta kuma yi aiki da sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago, wato ba aiki ba biya. Malamai suka ce koyarwa kashi ɗaya ce cikin ukun aikinsu, kuma darussan da aka rasa su ne za su rama su. Gaskiya ne ana ramawa, amma kowane ɗalibi ya san yadda ake yi: zangon wata huɗu a matse shi cikin 'yan makonni, a yi jarrabawa a wuce.

Ɗaliban su ne ba su da kujera a wurin zaman. Wanda ya shiga jami'ar tarayya a 2019 ya rasa wata 17 a yaji biyu kacal. Mai haya a wajen makaranta ya biya kuɗin ɗakin da bai kwana a ciki ba. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ya rasa damar yi wa ƙasa hidima, kuma kamfanoni da bankuna da yawa suna sa iyakar shekaru a tallar aikinsu. Masu hali sun kai 'ya'yansu jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda aka fara ba uku lasisi a 1999 suka kuma haura 140 a 2024, ko kuma Gana da Kwatano da Sudan da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Ɗan talaka, wanda ƙungiyar ke cewa dominsa take hana a sa kuɗin karatu, shi ne ya zauna a gida.

Gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sassauta wasu abubuwa. A Oktoban 2023 ta amince a biya wata huɗu daga albashin da aka riƙe, abin da ya sa SSANU da NASU suka yi nasu yajin gargaɗi a Maris na 2024 don an bar su a baya. A Disamban 2023 majalisar zartarwa ta amince a fitar da jami'o'i daga IPPIS. A Oktoban 2024 aka kafa kwamiti na huɗu ƙarƙashin Yayale Ahmed, tsohon sakataren gwamnatin tarayya, a shekarar da dala ta haura naira 1,500. Bayan wani yajin gargaɗi a Oktoban 2025, an kammala ciniki a ƙarshen Disamba, aka kuma gabatar da sabuwar yarjejeniya a Abuja ranar 14 ga Janairu, 2026, ministan ilimi Tunji Alausa a ɓangaren gwamnati, Farfesa Chris Piwuna na Jami'ar Jos a ɓangaren malamai. Ta ƙunshi ƙarin kashi 40 cikin 100 a kan abin da malamai ke karɓa, daga 1 ga Janairu, 2026. Ta kuma kawo shawarar kafa majalisar bincike ta ƙasa mai kasonta na kuɗi, wadda ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai an yi mata doka kamar yadda aka yi wa harajin ilimi a 1993. An sake rubuta sharaɗin dubawa bayan shekara uku. Irinsa da ke cikin yarjejeniyar 2009 sai da ya shekara 16 kafin a cika shi.